Kwalbatin Ƙofar Mama Ladi

Akwai wata ƙara da ta ɓace a unguwarmu, kuma ban ji wanda ya yi cigiyarta ba. Ƙarar ƙarfe ce. Guntun ƙarfen layin dogo ne, bai fi kamu ɗaya da rabi ba, an rataye shi da waya a reshen wata tsohuwar darbejiya a tsakiyar layinmu a Limawa. In aka doke shi da guduma da sassafe, sautin yakan haura kan rufin kwano, ya je ya daki duwatsun bayan gari, ya dawo a hankali kamar ɗan aike da ya gaji. Har yau, in bazara ta yi nisa, zafin Minna ya kai inda mutum ba ya son rigar jikinsa, nakan zauna bayan asuba in ji kamar ana dukansa. Sai in waiwaya. Babu darbejiyar. Shagon cajin waya ne a wurin.

Layinmu gangare ne. Gidanmu ne na farko daga sama, daidai inda ruwan dutse yake shigowa unguwa. Kakana ne ya gina shi, aikin dogo ya kawo shi daga arewa, ya ga wuri ya zauna. Daga ƙofarmu lambatu ya faro, na ƙasa ne a lokacin, ba siminti. Ya bi ta ƙofar mahauta, ya bi ta ƙofar wani Banufe mai gyaran fitila, ya yi ta sauka har can ƙasa, inda ya shige wani kwalbati a ƙarƙashin titi ya fita zuwa rafi. Gida na ƙarshe kafin kwalbatin shi ne na Mama Ladi. Mutanen Gbagyi ne su, suna wurin tun ba a shimfiɗa dogo ba. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Saratu, da gonar doya a bayan gari. A kafaɗa take ɗaukar itace, ba a ka ba. Ranar Lahadi takan ɗaura farin kallabi ta tafi coci, ta gaishe da tsofaffin ƙofar masallaci ɗaya bayan ɗaya, su kuma su ce ta sa su a addu'a. Da yamma, in ta fara dakan sakwara, har ƙofarmu ake jin taɓaryarta. Sai jirgin yamma ya yi kuka daga tasha, ladan ya ɗauki kiran salla, hayaƙin itace ya kwanta a kan layin. Na ɗauka haka duniya za ta tsaya.

Kowace shekara kafin ruwan farko ana gayyar lambatu. Malam Tanko maƙeri shi ne mai ƙarfen. Shi ke duba sama. In ya ga mangwaro ya nuna, iska ta juyo tana kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, sai ya sa rana. Kullum Asabar ce, domin Juma'a ta masallaci ce, Lahadi ta coci. Ana dukan ƙarfe kowane gida zai fito da namiji, da shebur ko diga ko kwando. Gidan da babu namiji, mace ta kawo kunu. Mama Ladi gasasshiyar doya take kawowa, da manja da barkono a wani tsohon kwano mai tsatsa a baki. Ban sake cin doya irin wannan ba.

Doka ɗaya ce a gayyar: daga ƙasa ake farawa. Ba mai taɓa lambatun ƙofarsa sai an buɗe kwalbati. Saboda haka za ka ga mai gida babba daga saman layi tsaye cikin taɓo a ƙofar Mama Ladi, ya naɗe wando, alhali ƙofarsa tana cike da yashi. In an gama kwalbati sai a hauro gida gida, a zo ƙofarmu a ƙarshe, rana ta take. Malam Tanko ba ya bayani. In saurayi ya karkata zuwa ƙofar ubansa, sai ya nuna ƙasa da guduma ya ce, “Can.” Shi ke nan. Mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Na ɗauka girmama tsohuwa ne kawai, irin na mutanen da.

Shekarar da abin ya faru, gemuna ya fara fitowa, ina dako a tasha. Wani abokina da ke aiki a jirgi ya ce zai shigar da ni zuwa Zungeru ranar Juma'a bayan masallaci, in ga kogin Kaduna da gadarsa. Ban taɓa ganin babban ruwa ba. Gayya kuma washegari ce. Ba na son a ce ɗan gidan sama ya gudu daga aiki, don haka na yi dabara. Da safiyar Juma'a na ɗauki diga da shebur ni kaɗai, na kama lambatun ƙofarmu. A bakinsa akwai tudun yashi da rani ya tara, ya kai gwiwa. Na rushe shi. Na yashe ramin tas, na gyara gefe da gefe har na tsaya ina kallo ina jin daɗi. Mahaifiyata ta leƙo ta ce Allah ya yi albarka. Abin da ban sani ba, wannan tudun shi ke tare ruwan dutse na farko, ya karkatar da shi zuwa wani fili da ke gefe, har zuwa lokacin da za a buɗe ƙasa. Shi ya sa ake barinsa ƙarshe.

Na ga kogin. Ban manta ba. Ruwa shimfiɗe yana tafiya ba ƙara, kwalekwale ɗaya a tsakiya kamar ba ya motsi, tsuntsaye farare a kan duwatsu. Jirgi ya bi ta kan gada, na ji ƙarfen yana rawa har cikin haƙorana. Da la'asar sakaliya ina zaune a bakin ruwa ina cin kifi, na hango hadari ya haɗu baƙi ƙirin wajen Minna, walƙiya tana wasa a cikinsa. Na ce a raina, kai, abin nan da kyau yake.

Ranar Lahadi da rana na dawo. Tun daga titi na ga mutane a ƙasan layi. Ruwan ya sauko ne da yammacin Juma'ar, kwana ɗaya kafin gayya. Ya samu bakin sama a buɗe, ya taho gaba ɗaya, ya tarar da kwalbati a toshe, ya rasa hanya, ya shiga gidan Mama Ladi. Ɗakin kwananta na jar ƙasa ya zauna. Rumfar da take ajiye irin doya ta tafi. Allah ya sa suna waje ita da 'yarta. Na tarar da ita zaune a kan kifaffen turmi, Saratu kuma durƙushe tana tono iri daga cikin taɓo, tana shinshinawa tana jefar da wanda ya ruɓe.

Malam Tanko ya hango ni. Bai ɗaga murya ba.

“Wa ya buɗe bakin sama?”

“Ni ne, Baba.”

“Wa ya sa ka?”

“Ba kowa. Rabona na yi kafin in tafi.”

“Rabonka,” in ji shi. Ya kama hannuna ya ja ni har bakin rusasshen ɗakin. “To, ga inda rabonka ya kwana.”

Na so a ce ya mare ni. Na durƙusa gaban Mama Ladi. Ta dube ni ta daɗe.

“Ɗan maƙwabci, ka ga ruwan Zungeru?”

“Na gani, Mama.”

“Yana da yawa?”

“Da yawa.”

“To,” ta ce, “mu ma mun gani.”

Saratu ba ta ko ɗago kai ba. Cewa ta yi, “Matsa, kana taka mana iri.”

An yi gayya an tayar da ɗakin cikin kwana shida, ni na kwaɓa ƙasar. Manoma 'yan'uwanta sun tara mata iri, amma lokaci ya wuce, rabin gonar bai ga shuka ba. A shekarar Saratu ta bar makaranta ta kama tallan itace tare da uwarta. Ba ta koma ba. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na san abin da na cire ta daga ciki. Ba wanda ya kai ni wajen mai unguwa, ba wanda ya ci ni tara. Abin da Malam Tanko ya faɗa a gaban jama'a kawai shi ne, “Daga bana, kwalbatin nan naka ne. Kai za ka riƙa shiga.”

Wanda bai taɓa shiga kwalbati ba ba zai gane ba. Da rarrafe ake shiga, da gajeriyar fartanya, ana turo maka kwando da igiya. Ciki duhu, sanyi, wari. Akwai kwaɗi, akwai kunama, sau ɗaya na haɗu da maciji muka ba juna hanya. Kana jin motoci suna wucewa a kan bayanka. Ka yi ta tono ba ka ganin komai, sai can wani ɗan haske ya huda daga ɗaya bakin, kamar ƙwayar gero, ya yi ta girma har ya kai faifai. Sai iska ta ratso ta taɓa maka fuska. A nan nakan tsaya in huta. Shekara ta farko horo ne. Ta biyu ma haka. Daga baya ban san lokacin da ya daina zama horo ba. Yara suka sa mini Baba Kwalbati tun ban yi furfura ba, sunan ya bi ni har yau. Da Malam Tanko ya tsufa, ni ya miƙa wa gudumar.

Sai aka zo aka yi mana lambatun siminti. Mun yi murna, har da guɗa. Amma a ranar na ji wani yana cewa, “To, yanzu ya zama na gwamnati.” Maganar nan ita ta kashe gayya, ba wani abu ba. Shekarar da ta biyo na doki ƙarfe, rabin mutane suka fito. Daga baya goma. Daga baya uku. Tsofaffi suka mutu, gidaje suka canza hannu, aka yi katanga, aka sa get. Aka faɗaɗa hanya aka sare darbejiya, na kwance ƙarfen na kai ɗaki na tura ƙarƙashin gado. Kwalbatin dai ban bari ba, ni kaɗai nake shiga duk bazara, har gwiwata ta ƙi shekara biyu da suka wuce.

Ba na cewa mutanen yanzu lalatattu ne. Sun fi mu sani. Suna tsayawa a rana su jefa ƙuri'a, na gan su, ni ma ina cikin layin. Sun san abin da ya kamata hukuma ta yi musu, kuma gaskiyarsu ne, hukuma tana da nata aikin, ba na yafe mata. Amma na ga mutum ya shanye ruwan leda ya saki ledar a lambatu, ya zaro waya ya ɗauki hoton lambatun yana zagin waɗanda ba su kwashe ba. Na ga mace ta jira hadari ya haɗu ta fito da kwandon shara ta juye, wai ruwa zai tafi da shi. Zai tafi da shi, gaskiya ne. Ba ta taɓa bin sa ta ga inda yake tsayawa ba. Ni na sani. A ƙofar Saratu yake tsayawa. Mama Ladi ta daɗe da rasuwa. Saratu ce a gidan yanzu, ta tsufa, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, tana kwance a ɗakin nan da na kwaɓa wa ƙasa, an dai shafe shi da siminti. 'Yarta Hannatu ce ke kula da ita, tana ɗinki a shagon ƙofar gida.

Gidanmu na sama an sayar da shi da aka raba gado, ni ina wani ɗaki a tsakiyar layi. Wani ma'aikaci ya saya, kowa Injiniya yake ce masa. Mutumin kirki ne, yana gaisuwa, yana aiko da abinci da salla. Ranar wata Asabar a bazarar nan, na fito da safe na ji iskar nan mai ƙamshin ƙasa. Na ɗaga kai, gabas ta yi nauyi. Na dubi sama da layi, sai na ga lebura uku a ƙofar Injiniya da shebur da baro. Sun kusa cinye tudun yashin bakin lambatu. Na dubi ƙasa. Kwalbati cike da leda da robobi har baki, shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Na ga kaina. Har yadda ɗayansu ya ja da baya yana kallon aikinsa yana jin daɗi.

Na koma ɗaki na jawo ƙarfen. Ya yi tsatsa, ya kuma yi nauyin da ban san shi da shi ba. Na ja shi a ƙasa har gindin falwaya, na ɗaure da igiyar shanya, na ɗaga guduma. Na ɗauka muryarsa ta mutu. Ba ta mutu ba. Ta tashi ta haura rufin benaye, ta je duwatsu ta dawo, yadda na san ta. Tattabaru suka watse. Mutane suka fito a guje, wani da bokiti yana tambayar ina gobarar, wani da gora yana tambayar ina ɓarawon. Wani mai keke, Ɗanjuma, magidanci ne mai bakin tsiya, ya taka birki a gabana.

“Baba Kwalbati, lafiya? Ko makaranta ka buɗe da tsufa?”

“Sauko ka ɗauki shebur.”

“Ni? Ai na yi zaɓe, Baba. Wanda na zaɓa ya zo ya ɗauka.”

“Kafin ya zo, keken naka a ina yake kwana?”

Ya sauko daga keken. A ƙasan layi yake ajiye shi, jikin katangar su Hannatu.

Injiniya ya sauko da jallabiya, waya a hannu. “Baba, me ya faru?”

“Ka tsayar da yaranka.”

“Ikon Allah. Gyara fa nake yi. Kowa ya gyara ƙofarsa ai da an huta.”

“Haka na ce ni ma, a wannan ƙofar taka, kafin a haife ka.”

Ban saba dogon zance ba, amma ranar na yi. Na gaya musu Zungeru, na gaya musu ɗakin da ya zauna, da irin doya, da yarinyar da ta bar makaranta. Na ce tana nan kwance a ƙasan layi, in ruwa ya shiga yau ba za ta iya tashi ta gudu ba. Yawancinsu ba su taɓa jin labarin ba. Hannatu ma ba ta taɓa ji ba, uwarta ba ta faɗa mata ba. Tana tsaye da almakashi a hannu tana kallona. Malam Tanko bai taɓa yi mana bayani ba, Allah ya ji ƙansa. A nan ne kawai na saɓa masa.

Ba kowa ya tsaya ba. Wasu suka ce tsufa ne, suka koma ciki suka rufe get. Wani ya ɗauki hotona. Waɗanda suka rage ba su kai goma ba. Injiniya ya dubi gabas, ya dubi ƙasan layi, ya ɗaga murya ya ce wa leburansa su bar abin da ya saura na tudun su sauko. Da muka isa bakin kwalbati kowa ya tsaya yana kallon ramin. Leburan suka ce ba a yi da su za su shiga rami ba. Na fara naɗe wando. Gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa, na dafa bango.

“Haba Baba, kada ka mutu a ciki a ce mu ne,” in ji Ɗanjuma. Ya cire rigarsa ya miƙa wa Hannatu. “Akwai maciji?”

“Sau ɗaya na gani.”

“Sau ɗayan nan ai ya isa.” Ya durƙusa. “In na ga haske fa?”

“Ka tsaya ka huta. Sannan ka ci gaba.”

Ya shiga yana zagin duk wanda ya taɓa shan ruwan leda a Minna, har da kansa. Injiniya ya tuɓe takalmi ya kama igiyar kwando. Hannatu da wasu mata biyu suka riƙa juye shara a baro. Ni aikina nuni da guduma. Da azahar muka ji ihun Ɗanjuma daga ɗaya bakin titi. Daga nan muka hauro gida gida, waɗanda suka rufe get ma wasu suka ji kunya suka fito da aka zo ƙofarsu. Tudun Injiniya muka rushe a ƙarshe, iska tana ta ɗaga mana riguna.

Ruwan ya sauko bayan la'asar. Ban tafi ɗakina ba. Hannatu ta jawo katifar uwarta zuwa bakin ƙofa, ta ba ni kujera, ta kawo dafaffiyar doya da manja. Muka zauna ni da Saratu muna kallo. Ruwa ya taho daga sama ja wur, da ƙarfinsa, ya cika lambatu har baki, ya zo daidai ƙofar, ya sunkuya ya shige kwalbati. Ƙararsa a ciki kamar jirgi a kan gada. Dakalin ƙofar ko jiƙewa bai yi ba, sai feshin da iska ke kawowa.

Mun fi shekara hamsin muna gaisawa da Saratu, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Ta daɗe tana sauraron ruwan, idonta a rufe, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, “Ɗan maƙwabci.”

“Na'am.”

“Bana ba ka je Zungeru ba?”

Na ce, “Ban je ba.”

Ta turo mini kwanon doyar. “To, ci. Ta huce.”